Babi na Tara: Shekarar da Linkin Park Suka Rage Ƙarar Jita

Ranar 16 ga Fabrairu, 2017, ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka, Linkin Park, ta saki sabuwar waƙa mai suna "Heavy". Kusan shekara uku ke nan masoyansu suna dakon sabon abu, don haka kowa ya garzaya ya kunna. Abin da ya fito daga lasifika ya ɗaure wa da yawa kai. Babu rugugin jitar lantarki, babu dukan ganga mai girgiza ƙirji, babu kururuwar Chester Bennington da aka san su da ita tun shekarar 2000. Muryarsa ce ta fara a hankali bisa wani siririn kiɗan na'ura, can a baiti na biyu sai muryar wata matashiya mai suna Kiiara ta karɓa. Kafin a cika minti uku waƙar ta ƙare. Wanda ya ji ta a rediyo ba tare da an faɗa masa masu ita ba, zai rantse ta wani sabon tauraron pop ce.

Bayan wata uku, ranar 19 ga Mayu, kundin gaba ɗaya ya fito, mai suna One More Light, na bakwai a jerin kundayensu. Waƙa goma ce, tsawonsu kimanin minti 35 ne, kuma kusan dukkansu a kan wannan turbar suke. Nan da nan hukunci ya fito daga bakin tsofaffin masoya: sun sayar da kansu, kwaɗayin kuɗi ya ja su, sun bi rububin kasuwa. Wannan babin a kan wannan hukuncin yake. Ina ganin an yi gaggawar yanke shi, kuma akwai darasi a ciki ga duk wanda ya taɓa ƙaunar wani mawaƙi har ya ji kamar nasa ne shi kaɗai.

Da me aka san su

A garin Agoura Hills da ke wajen Los Angeles a jihar Kalifoniya aka fara. Mike Shinoda da Brad Delson da Rob Bourdon abokan makaranta ne. Daga baya Joe Hahn da Dave Farrell suka shigo. Da farko sunan ƙungiyar Xero, kuma kamfanonin faifai sun yi ta ƙin ɗaukarsu. Al'amura sun fara daidaita a 1999, lokacin da wani saurayi siriri mai tabarau ya taso daga Phoenix ta jihar Arizona ya zama babban mai rera musu waƙa. Shi ne Chester Bennington. Kamfanin Warner ya ɗauke su, kuma a watan Oktoba na 2000 suka fitar da Hybrid Theory. A 2001 babu kundin da ya fi shi kasuwa a Amurka baki ɗaya, kuma daga baya ya haura kwafi miliyan 10 a ƙasar kaɗai.

Ginin waƙoƙinsu na wancan lokacin a bayyane yake ga mai kunne. Ɗauki "In the End". Fiyano ne yake buɗe ta da 'yan sautuka kaɗan masu sanyi, suna maimaita kansu. Sai Shinoda ya shigo da gambara, yana jero kalmomi a natse kamar mai lissafa asarar da ya tafka. Murya ta biyu tana leƙowa a ƙarshen layuka, tana jan zare. Ana isa amshi sai jita ta faɗo da dukkan nauyinta, ganguna su buɗe, muryar Chester ta tashi sama ta riƙe karin da ko yaro zai iya bi daga ji na biyu. A wasu waƙoƙin, irin su "One Step Closer", muryar takan tsage ta koma kururuwa zalla. Sanyi, sannan fashewa, sannan sanyi: da haka suka kama zukatan miliyoyin matasa.

Abin da ake kururuwar a kansa ba na wasa ba ne. Chester ya sha faɗa a bainar jama'a cewa wani da ya girme shi ya yi ta lalata da shi tun yana ƙaramin yaro, cewa iyayensa sun rabu yana da shekara 11, kuma ya faɗa shaye-shaye tun kafin ya mallaki hankalin kansa. Waƙoƙin ba su faɗi waɗannan abubuwa ɓaro-ɓaro ba. Sun yi magana ne a kan ƙunci, da jin an wulaƙanta ka, da faɗan da mutum yake yi da zuciyarsa cikin dare, ta hanyar da kowane yaro mai damuwa zai saka nasa labarin a ciki. Babu zagi ko batsa ko ɗaya a cikin Hybrid Theory, abin da ba a saba gani ba a irin wannan kiɗan a lokacin.

Akwai abin da masu fushin 2017 suka manta. Tun ranar farko an zargi Linkin Park da cewa 'yan pop ne da suka yafa rigar rok. Masu tsattsauran ra'ayin kiɗa mai nauyi sun ce waƙoƙinsu sun cika santsi, har aka yi ta yaɗa jita-jitar cewa kamfani ne ya tattaro su ya haɗa, abin da ba gaskiya ba ne. Shi kansa Chester ya taɓa cewa da farko bai so a saka "In the End" a kundin ba. Waƙar ce kuma ta kai matsayi na 2 a jadawalin Billboard, ta zama wadda aka fi sanin su da ita. Daɗin kari da sauƙin amshi suna cikin jininsu tun fil azal; jita ce kawai ta lulluɓe su.

Ba su kuma taɓa zama wuri ɗaya ba. Bayan Meteora na 2003, wanda ya bi sawun na farko, sun haɗa kai da Jay-Z a 2004. A 2007 suka ɗauko furodusa Rick Rubin suka yi Minutes to Midnight, inda gambara ta ragu, waƙoƙi masu taushi suka ƙaru. A 2010 suka fitar da A Thousand Suns, kundi mai cike da amon na'ura da ke magana a kan tsoron yaƙin nukiliya, wanda ya raba kan masoyansu gida biyu. Kowane sauyi ya zo da nasa guna-gunin. Amma na 2017 ya bambanta, domin a wannan karon sun taka wata doka da ba a rubuta a ko'ina ba.

Dokar da ba a rubuta ba

A duniyar rok akwai wata aƙida da ta kafu tun shekarun 1960, zamanin da The Beatles da Bob Dylan suka nuna cewa mawaƙi zai iya tsara waƙarsa da kansa. Aƙidar ita ce: ƙungiya ta gaskiya ita take rubuta waƙarta, ita take kaɗa kayan kiɗanta da hannunta, kuma ba ta neman yardar kasuwa. Pop kuwa, a idon masu wannan aƙidar, sana'a ce ta masana'anta: wasu su rubuta, wasu su haɗa kiɗa a kwamfuta, a nemo kyakkyawar fuska ta rera. Don haka idan ƙungiyar rok ta karkata zuwa pop, masoyanta ba sa ɗaukar abin a matsayin canjin salo. Cin amana suke ɗaukarsa.

Linkin Park ba su ne farau ba. Genesis ta Ingila ta fara da dogayen waƙoƙi masu sarƙaƙiya, har da mai tsawon fiye da minti 20. Bayan Peter Gabriel ya fita a 1975 kuma Phil Collins ya karɓi makirfo, a hankali ta koma ga gajerun waƙoƙin rediyo, har zuwa Invisible Touch na 1986. Metallica ta rage gudu da tsawon waƙoƙinta a 1991 da taimakon furodusa Bob Rock, tsofaffin masoya suka yi tir, kundin kuma ya zama mafi kasuwa a tarihinta. Aerosmith ba ta taɓa hawa matsayi na 1 a babban jadawalin waƙoƙin Amurka ba sai a 1998, da waƙar da Diane Warren ta rubuta mata. Wato dokar nan an daɗe ana karya ta, kuma manya ne suke karyawa.

Duk da haka ba na raina fushin masoyi. Wanda ya ji Hybrid Theory yana ɗan shekara 14, a kulle a ɗaki, yana jin duniya ta juya masa baya, ba kiɗa kawai ya saurara ba. Abokin sirri ya samu. Idan ya kai shekara 30 ya kunna sabon kundi ya ji wani amo dabam, abin da yake ji ya yi kama da na wanda ya koma unguwar da ya tashi ya tarar an sare bishiyar da suke zama a ƙarƙashinta. Masu gida suna da ikon sarewa, amma zafin da ya ji na gaske ne. Inda matsala take shi ne lokacin da wannan zafin ya rikiɗe ya zama shaida a kan niyyar wani.

Kasuwa ta juya

Masu zargin suna da abin kafa hujja, kuma adalci ne a shimfiɗa shi. Lokacin da Linkin Park suka fito, cinikin faifai yana kan ganiyarsa. A 1999 kuɗin da masana'antar waƙa ta Amurka ta samu ya kai kimanin dala biliyan 14 da rabi. A shekarar ce kuma manhajar Napster ta bayyana, mutane suka fara musayar waƙa kyauta ta intanet. Zuwa 2014 kuɗin ya faɗo zuwa kimanin biliyan 7. Abin da ya farfaɗo da kasuwar shi ne manhajojin sauraro irin su Spotify, su kuma suka zo da nasu sharuɗɗan. A Spotify, ba a ƙirga cewa an saurari waƙa sai ta yi daƙiƙa 30 tana tafiya. Wanda bai kama kunnen mai sauraro kafin nan ba, ya yi asara. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Ohio a 2017 ya gano cewa kiɗan share fage kafin murya ta shigo a manyan waƙoƙi ya ragu daga fiye da daƙiƙa 20 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kimanin daƙiƙa 5.

Rok ce ta fi shan wuya a wannan sabon yanayi. A 2017 ɗin nan ce kamfanin ƙididdiga na Nielsen ya bayyana cewa a karon farko gambara da danginta sun zarce rok a yawan masu saurare a Amurka. Ƙungiyoyi da dama sun riga sun karanci iskar. Maroon 5 ta daɗe da komawa pop gaba ɗaya. Coldplay ta yi aiki da Stargate, furodusoshin da suka haɗa wa Rihanna manyan waƙoƙi, a kundinta na 2015. Paramore ta fitar da After Laughter mako ɗaya kacal kafin One More Light, ita ma da amo mai sauƙi da rawa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya, kuma babu mai musun cewa Linkin Park suna ganin abin da ke faruwa a kewayensu.

Akwai ma hujjar da ta fi wannan ƙarfi. A 2014 sun fitar da The Hunting Party, kundi mai zafi da gudu, wanda suka gayyato manyan masu jita irin su Tom Morello da Daron Malakian a cikinsa. Shinoda ya ce a lokacin sun yi shi ne saboda rok ɗin da ake sakawa a rediyo ta yi laushi da yawa. Kundin ya tsaya a matsayi na 3, bayan huɗun da suka gabace shi duk sun hau na 1. Sai ga shi bayan shekara uku sun dawo da abin da ya fi wanda suka soka laushi. Mai zargi zai ce lissafin a fili yake: sun gwada zafi bai karɓu ba, suka koma sanyi.

Yadda aka haɗa kundin

Amma yadda aka yi aikin yana ba da wani labari. A duk kundayensu na baya, kiɗa suke fara ginawa, sai an gama a ɗora kalmomi. A wannan karon sun juya tsarin. Sukan zauna da safe su tambayi juna abin da ke damun kowa a ranar, daga wannan hirar a fitar da kalmomi da kari a kan fiyano ko jita marar lantarki, kiɗan kuma ya zo daga baya. Sun kuma buɗe ƙofa ga marubuta na waje. Julia Michaels da Justin Tranter, waɗanda suke cikin marubutan "Sorry" ta Justin Bieber, su ne suka taya su rubuta "Heavy". Eg White, wanda ya yi aiki da Adele, shi ya taya Shinoda rubuta waƙar da aka raɗa wa kundin sunanta. Shinoda da Delson ne suka ja ragamar haɗa kundin.

Abin da ya fito daga waɗannan zaman hirar maganganun magidanta ne da suka doshi shekara 40 ko suka haura. "Invisible" da "Sorry for Now" uba ne yake magana da 'ya'yansa, yana ba su haƙuri a kan tsawar da ya yi musu da kuma yawan tafiye-tafiyen da suke raba shi da gida. "Halfway Right" Chester ne yake waiwayen shekarunsa na shaye-shaye. "Talking to Myself" an rubuta ta ne daga ɓangaren matar da take kallon mijinta yana nutsewa ta rasa yadda za ta jawo shi. "Heavy" kuwa bayanin mutum ne da tunani ya yi wa katutu, ya san shi yake ɗora wa kansa nauyin amma ya kasa saukewa. "One More Light" an yi ta ne bayan wata abokiyar aikinsu ta shekara da shekaru a kamfanin faifai ta rasu da ciwon daji. Babu ganga a cikinta ko kaɗan. Murya ce da siririyar jita, tana cewa ran mutum ɗaya yana da daraja ko da duniya ba ta lura da tafiyarsa ba.

Wanda yake neman kuɗi kawai ba irin waɗannan batutuwa yake zaɓa ba. Abin da suke faɗa a 2017 shi ne abin da suke faɗa a 2000: ƙunci, nadama, yaƙi da kai. Bambancin shi ne ɗan shekara 24 yana faɗa da kururuwa, ɗan shekara 41 mai 'ya'ya shida yana faɗa da muryar da yake magana da ita a gida.

Wannan ba ya nufin kundin ba shi da aibu. Yana da shi, kuma masu sukar da suka tsaya a kan aikin sun faɗi gaskiya a wurare da dama. An yi amfani da wasu dabarun situdiyo da suke tashe a shekarar, irin su yanka murya gunduwa-gunduwa a sirantar da ita ta zama kamar kayan kiɗa, abin da ake ji a waƙoƙin kowa da kowa a rediyo a lokacin. Wannan ya sa wasu waƙoƙin suka rasa tambarin masu su. Gangunan Rob Bourdon sun ɓace a bayan na na'ura. "Good Goodbye", wadda Pusha T da Stormzy suka saka baki a ciki, ta yi kamar baƙuwa a tsakanin sauran. Ƙungiyar da ta saba buɗe hanya wasu su bi, a nan ita ce take bin sawun wasu. Mai cewa kundin ya gaza na baya yana da hujja mai ƙarfi.

Martani

Mafi yawan masu sharhi a jaridu da mujallu sun soki kundin. A intanet abin ya wuce suka ya koma cin mutunci. Chester bai iya haɗiye wannan ba. A hirarraki ya mayar da martani da zafi, ya ce ya kamata mutane su daina maƙalewa a Hybrid Theory. A wata hira da gidan rediyon Kerrang! ya raba abu biyu: wanda ya ce waƙar ba ta yi masa ba saboda babu nauyin da yake so, wannan ra'ayinsa ne, babu komai, amma wanda ya ce sun zauna sun yi lissafin kuɗi ne suka yi kundin, to ya same shi a waje su daku. Kalaman sun yi kaushi. Corey Taylor na ƙungiyar Slipknot ya ce ya fahimci fushinsa, amma ya shawarce shi da ya gode wa Allah da masoyan da yake da su, kuma Chester ya fito ya amsa cewa shawarar gaskiya ce.

A watan Yuni suka hau dandamalin Hellfest a garin Clisson na Faransa, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa mai nauyi a Turai. Da suka fara "Heavy", wani ɓangare na taron ya ɗauki ihun ƙi, wani kuma ya jefo wa Chester jarka daga cikin jama'a. Bai sauka ba, ya rera waƙar har ƙarshe.

Alƙaluma kuma ba su goyi bayan masu zargi yadda suke zato ba. One More Light ya hau matsayi na 1 a Amurka da kimanin 111,000 a makon farko, in an haɗa saye da sauraro ta intanet. The Hunting Party, mai zafin nan, kimanin 110,000 ya sayar a nasa makon farkon. Meteora kuwa ya haura 800,000 a 2003. "Heavy" ba ta ko shiga sahun waƙoƙi 40 na sama ba. Ƙungiyar da take cika filayen wasa a nahiyoyi da tsofaffin waƙoƙinta, hanya mafi sauƙi ta tara kuɗi a gare ta ita ce ta ci gaba da maimaita abin da aka saba. Ɓata wa mafi riƙon masoyanka rai kasada ce, kuma mutanen da suka yi shekara 17 a wannan sana'ar sun san haka sarai.

Daga Mayu zuwa Yuli

Ranar 18 ga Mayu, kwana ɗaya kafin fitar kundin, Chris Cornell na ƙungiyar Soundgarden ya kashe kansa a Detroit. Aminin Chester ne na ƙut da ƙut. An riga an shirya Linkin Park za su fito a shirin talabijin na Jimmy Kimmel don tallata "Heavy". Sai suka buɗe da "One More Light", suka sadaukar da ita ga Cornell. Chester yana zaune a kan kujera, sanye da baƙaƙen kaya da baƙin tabarau, makirfo a hannu. Ya fara a hankali. Da aka doshi ƙarshe sai muryar ta tsage ta yi tsawa, irin tsawar da aka ce ta ɓace daga kundin, sannan ta shaƙe, ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya iya ƙarasawa. Bayan mako ɗaya ya yi waƙa a wurin jana'izar abokin nasa.

Ranar 6 ga Yuli suka yi wasa a Birmingham ta Ingila. Ranar 20 ga Yuli, ranar da Cornell zai cika shekara 53 da yana raye, aka tarar da gawar Chester Bennington a gidansa da ke Palos Verdes Estates a Kalifoniya. Hukumomi sun tabbatar da cewa kashe kansa ya yi. Shekararsa 41.

Cikin kwanaki kaɗan mutane suka koma wa kundin da suka yi wa tofin Allah tsine, suka ji abin da ba su ji ba a da. Kalmomin suna nan yadda suke tun watan Mayu. Kunnuwan ne suka buɗe. A nan akwai kurakurai biyu da ya wajaba a kauce musu. Na farko shi ne a ce masu suka ne suka kashe shi. Wannan zalunci ne, kuma jahiltar ciwon ne. Ciwon damuwa da shaye-shaye sun daɗe suna ɗawainiya da shi tun kafin a san sunansa, kuma irin wannan mutuwa ba ta da sanadi guda da za a nuna da yatsa. Na biyu shi ne a ce mutuwarsa ta mayar da kundin gagarumin aiki marar aibu. Raunin da yake da shi yana nan. Abin da mutuwar ta tabbatar abu ɗaya ne: mutumin da ya rera waɗannan waƙoƙin da gaske yake, kuma shaidar haka tana cikin waƙoƙin tun ranar da suka fito, ga duk wanda ya tsaya ya saurara.

Haƙƙin mai sauraro da iyakarsa

Mai sauraro yana da haƙƙi mai faɗi. Yana iya cewa waƙa ba ta yi masa ba, ya ƙi saye, ya koma wa tsofaffin faifansa, ya rubuta suka mai zafi a kan kari da kiɗa da kalmomi. Mawaƙi ma yana buƙatar irin wannan sukar, domin yabo zalla ba ya gyara aiki. Abin da mai sauraro ba shi da shi shi ne ilimin abin da ke zuciyar wani. Ƙarar jita ba ma'aunin gaskiya ba ce. Ana iya yin kururuwa don a burge kasuwa, ana kuma iya faɗin abin da ya fi ciwo cikin murya mai taushi a kan kiɗan na'ura. Kasuwa tana da hannu a One More Light kamar yadda take da hannu a Hybrid Theory, wanda shi ma ya fito ne a lokacin da haɗa gambara da jita yake tashe. Ba a taɓa yin kundin da ya sayar da miliyoyi a wajen kasuwa ba.

Bayan shekara bakwai na shiru, Linkin Park sun dawo a watan Satumba na 2024 da sabuwar mai rera waƙa, Emily Armstrong, da sabon makaɗin ganga, Colin Brittain. A watan Nuwamba suka fitar da From Zero, kuma jita ta dawo da ƙarfinta, kururuwa ma ta dawo. Muhawara ba ta mutu ba. Ta koma kan ko ya dace wata murya ta rera waƙoƙin Chester. Wannan ya nuna cewa tun asali rigimar ta wuce batun kayan kiɗa. Tambayar ita ce wa ya mallaki ƙungiyar, masu yin waƙar ko masu ƙaunarta. Amsata ita ce tsofaffin waƙoƙin sun zama na duk wanda ya rayu da su, babu mai ƙwace masa. Waƙar da ba a riga an rubuta ba kuwa ta mawaƙin ce, kuma abin da yake bin mu bashi shi ne mu saurari abin da yake faɗa kafin mu yanke hukunci a kan dalilin da ya sa ya faɗe shi.